Rantsuwar da Na Yi wa Madam Polin

Wata huɗu ke nan da rasuwar Madam Polin, sai yau na iya zama in rubuta yadda jinyarta ta kasance. Ba don a tausaya min nake rubutawa ba. So nake duk wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, ko yake da aboki wanda danginsa suke nesa, ya ji kuskuren da na yi da bakina don kada ya maimaita.

Sunana Asma'u, 'yar Zariya ce ni, shekara shida ke nan ina koyar da lissafi a wata makaranta a nan Dubai. Madam Polin Baturiyar Ingila ce, ita ke kula da ɗakin karatu na makarantar. Shekararta sittin da ɗaya, sha tara daga ciki a Dubai ta yi su, a wani tsohon bene a Karama da ta ƙi bari ko da sauran Turawa suka koma unguwannin bakin teku. Sun daɗe da rabuwa da mijinta. Ɗa guda gare ta, Martin, yana Ingila da matarsa. Ranar da na fara aiki ta gan ni ina zagaye ina neman inda zan yi azahar, sai ta buɗe min wani ɗan ɗaki a bayan kantocin littattafai ta ce daga yau nawa ne. Tun daga nan muka ƙulla, ni sarkin surutu, ita sarkin “babu komai”. Na sha tsokanarta cewa ko gini ne ya faɗo mata a ka, sai ta fara ba ginin haƙuri kafin ta nemi taimako. Da Turanci muke magana da ita, amma a nan da Hausa zan kawo duk abin da muka ce.

Ni na fara gani. Muna shan shayi a ɗakin malamai ta ɗago kai, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa.

“Madam, idonki fa?”

Ta ce gajiya ce. Na ce siket ɗin nan da ke neman zame mata fa? Ta ce ai daɗi ta ji da ta rage ƙiba. Susar da take yi har hannunta ya yi jajir kuwa ta ce na'urar sanyaya ɗaki ce ke busar da fata. Ciwon baya ma yana da amsarsa, wai kujerar ofis ce, kuma tana shan farasitamol. Duk tambayar da na jefa mata sai ta cafe da murmushi, har na ji kamar ni ce mai neman fitina.

Da yamma na kira Ummata a Zariya. Ko gama bayani ban yi ba ta ce, “Shawara ce, Ma'u. A ba ta rake ta yi ta sha, ta bar mai da gishiri. In da mai tahowa zan aiko da saiwar rawaya.” Washegari na tsaya a wani shago a Karama na sayi ruwan rake kwalba biyu. Madam ta sha, ta yi godiya sau uku, sannan ta buɗe jaka tana tambaya nawa za ta biya ni. Haka take. Ko alawa ka ba ta sai ta nemi hanyar biya.

A mako na biyu na tasa ta gaba zuwa asibiti, don da ta ita ce sai an yi hutun makaranta. Aka ɗebi jini, likita ya ce sai an ɗauki hoton cikinta. Na ɗauka nan take za a yi, ashe sai kamfanin inshora ya amince. Kwana biyar muna jira, kullum in kira su a lokacin tara, a sa min kiɗa a kunne, a ƙarshe wata murya mai ladabi ta ce ana kan dubawa. Asibitin fes, kujeru masu laushi, har da na'urar kofi kyauta, amma jira dai jira ne. A nan aka ba ta fom ta cike. Wurin da aka ce a rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru, sai na ga ta rubuta sunana da lambata. Na ce Martin fa? Ta ce ai ni ce kusa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji a raina, har da ɗan fankama.

Mako na uku sakamako ya fito. Wata likita 'yar Sudan ce ta zaunar da mu, ta rufe ƙofa, ta juyo da kujerarta ta fuskanci Madam. Ta ce ciwon daji ne a wata tsoka da ke bayan tumbi, kuma ya riga ya taɓa hanta. Aiki ba zai yiwu ba, sai dai magani don a sassauta. Madam ta tambaya saura nawa, kamar mai tambayar lokacin tashin mota. Likita ta ce ba ta san gaibu ba, amma watanni take gani, ba shekaru ba. Sannan ta ƙara wata magana da har yau nake ji a kunnena: “In kina son komawa gida, yanzu ne lokacin, tun jikinki yana iya ɗaukar jirgi.”

Madam ta yi mata godiya, ta kuma ba ta haƙuri wai mun cinye mata lokaci.

A wurin ajiye motoci ni ce na fashe da kuka, mara lafiyar ce ke miƙo min hankici. Da na ɗan natsu na ce ta ba ni lambar Martin, ko ta kira shi yanzu ina zaune. Ta girgiza kai. Ta ce matar Martin tana da cikin wata bakwai, bayan ɓari biyu da suka yi, na ƙarshen ma har sai da aka kwantar da ita. Saura mako tara ta haihu. Ta ce ba za ta jefa musu wannan labari a tsakiyar gida ba, a bari su sauka lafiya, ita da kanta za ta faɗa.

Na ce, “Madam, uwa ce fa ke. A wurinmu ko zazzaɓi uwa ta yi sai an kira na Legas da na Sakkwato.”

“Na sani. Shi ya sa nake so ki yi min alkawari.”

“To, na yi.”

“A'a. Ki faɗi kalmar nan taku.”

Shekara shida tana jin yadda nake yi da ɗalibai. Ta lura in na ce wallahi ba zan ƙara maki ba, ko uban yaro ya zo da kansa ba na canjawa. Ta san abin da take nema. Ta riƙe hannuna, idanun nan rawaya suna kallona, ga zafin mota, ga kuka ya toshe min tunani. Na ce wallahi ba zan gaya wa Martin ba. Ta saki hannuna ta ce in tayar da mota kada a caje mu kuɗin ƙarin awa.

A mako na huɗu aka kwantar da ita kwana uku, aka sa mata wani ɗan bututu a ciki don ruwan matsarmama ya samu hanya. Na zo da tabarmata da fulas da kular abinci, irin yadda muka saba, don ban taɓa ganin mara lafiya a gadon asibiti ba mai jinya a gefe ba. Ta dube ni ta dubi tabarmar ta ce ai akwai nas-nas, in tafi gida wurin 'yata. Muka yi ta ja, a ƙarshe muka tsaya a kan zan riƙa zuwa daga makaranta in zauna har magariba.

Ƙawayenta Turawa kuwa ce musu ta yi tsakuwa ce a matsarmama. Sun zo, ba zan ci amanarsu ba. Amma sai sun yi waya sun nemi izini, su zo da furanni da kati, su yi minti ashirin ana hirar zafin gari, su tashi suna cewa in tana buƙatar wani abu ta faɗa. Wa zai gaya musu matar nan ba ta taɓa faɗar buƙatarta ba? Su ma sun sani, don halinsu ɗaya. Ina zaune a gefe ina cika ina batsewa. Sai dai a cikinsu akwai wadda ta ɗauki kyanwar Madam ta riƙe har ƙarshe, akwai kuma wadda ta karɓi aikin ɗakin karatu a kan nata ba ta taɓa ƙorafi ba. Na gode musu, ko da yake a lokacin harara kawai suke samu daga gare ni.

Maƙwabciyata a Al Nahda, Hajiya Mariyama, 'yar Maraɗi ce mai safarar atamfa da turare. Da ta ji ina jinya ba ta tambayi ko wace ce ba, ta kwaso mata biyar suka zo dubiya da kunun gyaɗa da farfesun kaza. Ɗaki ya cika da sannu da Allah ya sauwaƙe. Madam ta rikice, tana ƙoƙarin tashi zaune wai ta nema musu shayi. Da muka fito rakiya Hajiya ta ja ni gefe.

“Ɗiyata, wagga mata ba tsakuwa ke damunta ba, na ga irin wannan ramar ga yayata. Ina ɗiyanta?”

Na ce ɗa guda ne, kuma bai sani ba.

“Bon, to. Ke mi kike jira?”

Na ce na rantse.

Ta riƙe haɓa. “Kin rantse ki ɓoye ma ɗa mutuwar uwa tai? Wallahi ke da ita ban san wa ya fi wani ciwo ba.”

Abin da ya fi ci min rai a duk jinyar nan shi ne ranakun Lahadi. Duk Lahadi da la'asar Martin yake kiran uwarsa ta bidiyo. Bayan an sallame ta, ni nake zuwa Karama in shirya ta. In shafa mata hoda, in sa mata jan-baki, in yafa mata wani gyalena mai kauri don kada ƙasusuwan wuyanta su fito. Sai mu fita baranda ta sa baƙin tabarau, wai rana ce ta dame ta, alhali idon take ɓoyewa. Hannunta ba ya iya riƙe waya ya daɗe, don haka ni nake riƙewa. Martin ya ce, “Mama, kin rame.” Ta yi dariya ta ce iyo ta koma yi. Ya nuna mata ɗakin da suka yi wa fenti saboda jariri, da ɗan gadon da ya haɗa da hannunsa ya karkace. Wata rana ya ce a juyo da wayar ya gaishe ni. Ya ce, “Asma, na gode da kike kular min da ita.” Na ce babu komai. Ashe ni ma na koyi kalmar.

Maigidana, Abban Walida, a kamfanin kago yake aiki, masu jigilar kaya ta jirgin sama, mutum ne da ba ya son doguwar magana. Shi na gaya masa komai tun ranar farko. A mako na biyar muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, “Maman Walida, addinin nan bai ɗaure ki ba. Wanda ya rantse a kan abu, ya ga saɓa shi ya fi alheri, sai ya saɓa ya yi kaffara. Ciyar da mutum goma ne. Shinkafa da kaza. Gobe in kin ce in je unguwar Satwa in sayo, khalas, an wuce wurin.”

Na ce na sani. Umma ma da ta ji haka ta ce, har da faɗa: “Ke wace irin 'ya ce? In ni ce a kwance haka za ki so a yi miki?” Kowa ya faɗa min gaskiya, babu wanda zan ɗora wa laifi. Amma ina tsoron in na kira Martin ta rufe min ƙofa, ta rasa ko mutum ɗayan da take yarda ya ga halin da take ciki. Ina kuma lallashin kaina da maganar likita, ai watanni aka ce, mako tara kuwa kamar gobe ne. Akwai dalili na uku da sai yanzu nake iya faɗa. Ina jin daɗin cewa duk Dubai ni kaɗai ta amince wa.

Mako na shida aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin daji. A nan na fara fahimtar yadda zaman Bature a ƙasar waje yake, mu da muke ganin kamar su ba su da matsala. Bizarta a hannun makaranta take, inshorarta ma haka, in aiki ya tsaya duk su tsaya. Hutun rashin lafiya yana da iyaka, a fara da cikakken albashi, a koma rabi, daga nan babu. Inshorar ma akwai inda take tsayawa, kuma kowane zagaye na magani sai an sake jiran amincewa. Na ce to ta koma gida mana, ba an ce a can gwamnati ke yi wa mutane magani ba? Ta ce shekara sha tara ba ta zaune a can, sunanta ba ya wurin kowane likita, sai ta koma da zama ta sake shiga layi daga farko. Gidanta kuwa ta sayar tun lokacin karatun Martin. In ta koma, ɗakin da aka yi wa fenti nan ne kaɗai wurin kwananta. Ta ce ba za ta ƙwace wa jariri ɗaki ba tun bai zo duniya ba.

Ranakun da take jin dama-dama sai ta sa ni kai ta wurare. Muka je ta yi rajistar wasiyyarta. Ta ce ta ga yadda aka rufe asusun bankin wani abokin aikinta da ya mutu a nan, matarsa ta yi watanni tana yawon ofisoshi, don haka ta tsara nata tun da wuri. Ta sayi wani ɗan littafi ja ta rubuta komai a ciki, lambobin sirri, lambar mai gida, ranar da haya za ta ƙare, inda takardun mota suke, har da irin abincin da kyanwa ba ta ci. Ta sa na kawo kwalaye muka rubuta wa kowanne suna. Matar nan ta shirya mutuwarta tsaf, abu ɗaya kawai ta bari, gaya wa ɗanta.

Mako na bakwai da na takwas ba na son tuna su. Amai, gudawa, baki duk ya fashe. Gashinta yana biyo mataji. Kunun gyaɗa kaɗai ke zama a cikinta, shi ma cokali biyar, don haka kullum da asuba nake damawa in zuba a fulas, in shiga cunkoson Al Nahda, in tashi daga makaranta in wuce Karama. Walida ta koma cin abincin rana a gidan Hajiya Mariyama. Ranar da Madam ta kasa shiga banɗaki da kanta, na ɗauke ta na yi mata wanka. Ba ta fi nauyin Walida ba. Tun da na fara zuba ruwa har na goge mata jiki haƙuri take ba ni. Na ce in ta ƙara cewa in yi haƙuri zan bar ta da sabulu a ka in tafi. Ta yi dariya har ta sarƙe.

A ƙarshen mako na takwas na yi mata tsawa, karo na farko. Mun gama wayar Lahadi, ta cire tabarau, kanta ya faɗa jikin kujera don gajiya. Na ce na gaji da yi wa bawan Allah ƙarya, yaron nan ba ƙaramin yaro ba ne, shekararsa talatin da huɗu, yana da haƙƙi a kanta. Na ce tana ganin tausayinsa take ji, alhali zaluntarsa take yi. Ta bari na gama tas. Sannan ta ce, a hankali, in ba ta mako biyu, a gama zagaye na gaba, sai ta sayi tikiti ta je ta faɗa masa baki da baki. Ta ce irin wannan magana ba a yin ta a waya. Na yarda, don ina neman abin da zan yarda da shi.

Ba mu kai mako biyun ba. Ranar Laraba ta mako na tara na shiga na tarar ƙafarta ta hagu ta kumbura, tana numfashi sama-sama, ta kasa gama jimla. Duk da haka cewa take kada in tayar da hankalin masu motar asibiti, tasi ma ta isa. Ban saurare ta ba. A asibiti aka ce jini ne ya daskare a ƙafar, gudansa ya tafi huhu. Aka sa mata iskar oksijin.

Washegari Madam da kanta ta tambayi likitar nan 'yar Sudan yaushe za ta iya tafiya Ingila. Likita ta ce kamfanin jirgi ba zai ɗauke ta ba sai da takardar da suke kira fit to fly, wato shaidar cewa jikinta zai jure tafiyar, ita kuma ba za ta iya sa hannu a kai ba. Na tambayi jirgin marasa lafiya. Ta ce inshorar ba ta ɗauke shi ba, kuɗinsa ba na malaman makaranta ba ne, kuma ko an samu ba ta da tabbacin za a sauka da ita da rai. Da na biyo ta waje ta tsaya ta ce, “Habibti, 'yar'uwata, iyalinta sun sani?” Na ce a'a. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, “Yanzu ba maganar watanni ake ba.”

Ko a nan ban kira ba. Kwana huɗu na ƙara ina zagaye, ina jiran Madam ta ce in kira, ita kuma tana cewa a bari numfashin ya daidaita. Ranar Lahadi ta sa na tura wa Martin saƙo da wayarta cewa mura take yi, muryarta ta dushe. Ranar Litinin bayan na idar da la'asar a masallacin asibitin, na buɗe jan littafin nan, lambarsa ce a shafin farko. Na zauna a matakalar bene na kira.

Na faɗa masa komai a tsaye, ban yi kwana-kwana ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Sannan ya ce, “Tun yaushe kika sani?”

Na ce mako bakwai.

Ya ce, “Ke ce kike riƙe wayar.”

Ba tambaya ba ce. Ya kashe.

Washegari da rana ya iso, da 'yar jaka guda, ya bar matarsa wurin mahaifiyarta tana jiran naƙuda yau ko gobe. Ina ɗakin ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman uwarsa a kan gadon, don wadda ya gani ba ita yake gani a waya ba. Madam ta buɗe ido ta gan shi, sannan ta juyo ta dube ni. Na fita. Kwana biyu ina kawo kunu ina ajiyewa wurin nas, in zauna a waje in tafi. Ba ta neme ni ba, shi ma in ya wuce ni sai dai ya ɗaga kai.

A rana ta uku Martin ya fito ya ce tana kirana. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na kai kunnena.

“Kin faɗi kalmar, Asma.”

“Na faɗa, Madam.”

“Me ake yi wa wanda ya karya?”

Na ce zai ciyar da mabuƙata goma. Ta lumshe ido, na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta motsa yatsa ta kira ɗanta, ta ce ya miƙo mata jakarta. Na ce Madam, don Allah. Ta ce ita ta sa ni, ita za ta biya. Ta sa kuɗi a ambulan, Martin ya riƙe mata shi, ta rubuta a bayansa, na mutum goma. Sannan ta ce in ba ta kunun, na asibitin nan ba ya shawuwa. Cokali biyu ta sha.

Kwana biyar Martin ya samu da uwarsa, biyu na ƙarshe ba ta magana. Ta cika da hantsi, yana riƙe da hannu ɗaya, ina riƙe da ɗayan. Bakina ya saba da abin da ake faɗa a irin wannan lokaci, amma ita ba addininmu ɗaya ba, sai na rasa abin cewa, na yi ta maimaita innalillahi a raina.

Sauran kuma takardu ne. Ta asibiti, ta 'yan sanda, ta ofishin jakadancinsu, soke biza, komai yana cikin jan littafin bi da bi, har da ofishin da za a fara zuwa. Abban Walida ya ɗauki hutu ya yi ta yawo da Martin, kuma shi ya tsaya a kan maganar kai gawa, tunda aikinsu ne. Jirgin da aka ce ba za ta iya shiga ba ta shige shi daga ƙarshe, a ƙasa wurin kaya, ɗanta yana sama. A filin jirgi Martin ya rungume maigidana. Ni kuma ya ce min ya gode da wankan da kunun, nas-nas sun faɗa masa. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga da wane baki zan roƙa ba.

Kwana tara bayan rasuwarta matarsa ta haifi 'ya mace. Ya turo min hoto, babu rubutu ko ɗaya. Na yi lissafi, aikina ne. Da na kira shi a mako na uku, ko na biyar da maigidana ya ce, ko ma na bakwai, da ta shiga jirgi da ƙafarta. Ban ce da ta ga jaririyar ba, wannan sanin Allah ne. Amma da ɗanta ya yi jinyar uwarsa, da a hannunsa ta yi wannan ramar ba a nawa ba.

Don haka ga abin da nake roƙon duk mai karanta wannan. In kana zaune a waje, sunan ɗan'uwanka na jini za ka rubuta a fom ɗin asibiti, ko yana bangon duniya. In likita ya ce yanzu ne lokacin tafiya gida, to yanzun yake nufi. In kuma mara lafiya ya riƙe hannunka ya ce ka rantse za ka ɓoye wa 'ya'yansa, kada tausayi ya sa ka buɗe baki. In ka riga ka rantse, ka karya a ranar. Allah ya saka wa likitar nan da nas-nas da Hajiya Mariyama da alheri, ya ba Martin haƙuri, ya raya abin da aka haifa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je Satwa da maigidana, muka sayi shinkafa da kaza kwano goma, muka raba wa leburori da ke zaune a inuwar wani gini. Da kuɗina na saya. Ambulan ɗin Madam yana nan ban buɗe ba, na sa shi a kan kanta a ɗan ɗakin da nake sallah a bayan littattafai. A hanyar komawa na sa Abban Walida ya kira wani malami da yake karatu a wurinsa, na ce ya tambaya min, wannan kaffarar ranar da na karya ce, to ta mako bakwai ɗin da na riƙe fa? Malam ya ce babu kaffara a kan rantsuwar da aka cika.

Na ce to. Muka shiga cunkoso, muka kama hanyar Al Nahda.